Akuyar Gwaggo Ma'u

Goronyo,
Ranar Litinin.

Zuwa ga yayana Lawwali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Yaya Maimuna da su Musaddiƙ da Rumaisa. Yaya ciwon gwiwar nan taka? Allah shi ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Maigidana Malam yana gaishe ka.

Tunda anka ɗauke layin waya a ƙasar nan mun koma zamanin su Baba, sai takarda da biro. Gajere direba zai kawo maka wagga in ya shigo Sakkwato. Kada ka duba munin rubutun, raina a ɓace yake, hannuna kuma ya yi kanta da riƙon tsintsiya.

Bari in fara da na daɗi. Gayyar Asabar ta yi kyau ƙwarai. Maza sun yashe kwata tun daga ƙofar masallaci har bakin kasuwa, abin da anka fitar na leda da tsumma da mataccen takalmi ya cika baro goma sha huɗu. Mu mata munka share, munka ƙone. Dogon-yaro talatin da ka aiko an dasa su a bakin hanya, kowane an kewaye shi da ƙaya saboda awaki, biyu kawai sunka yi yaushi. Zayyanu, wanda kunka ɗora a kan aikin, yana ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Shi ke fara zuwa, shi ke ƙarshen tashi.

To shi Zayyanun ne ya karanta mana saƙonka a gaban jama'a, wai ka ba ƙungiyar masu gayyar kangon Baba, Asabar mai zuwa a nome shi tas, a baje, a sa benci da furanni. Anka yi ta tafi, ni kaɗai ban tafa ba. Yaya, kangon Baba naka ne kai kaɗai? Ko don ni mace ce shi ya sa sai dai in ji a bakin Zayyanu tare da 'yan kallo? Ban ce a raba gado ba, amma ko gonar bare za a shiga ana yi masa sallama.

Ka zo da Sallah ka kwana biyu, ka tsaya bakin kangon da farar shaddarka kana ɗage ƙafa, ka ce haki ya yi yawa, sai macizai da sauro. Shekara nawa rabonka da ka yi damina guda a garin ga? Ni nake wucewa ta wurin safe da yamma in za ni makaranta, ban taɓa ganin ko saɓar maciji ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Su kuma furannin, don Allah mi za a yi da su? Miya za a kaɗa?

Roƙona guda ne. A bar kangon yadda yake har kaka ta wuce, wata biyu kacal. Bayan nan in kun ga dama ku shimfiɗa masa darduma. Ga bayan makaranta juji ya kai gwiwa, ga hanyar maƙabarta ruwa ya cinye rabinta, aiki bai ƙare ba balle a ce dole sai kangon. Kada ka tambaye ni dalili. Ina da shi, amma ba nawa ba ne da zan bayar. Tun muna yara ka san ni da baki, sai dai ba ka taɓa kama ni da ƙarya ba.

Ka rubuto wa Zayyanu ka ba Gajere kafin Alhamis. Ni ya ƙi jin tawa, wai umarni daga sama ya zo. Ashe Sakkwato ce ta zama sama ban sani ba.

Ka gaishe da mutanen gida duka.

Ƙanwarka,
Sa'adiya.


Goronyo,
Ranar Alhamis.

Yaya Lawwali,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina fata kun tashi lafiya, da iyali baki ɗaya. Na ji Rumaisa ta yi zazzaɓi, Allah shi ba ta lafiya.

Takardarka ta iso yau da hantsi, layi huɗu, na karanta ta sau uku ko zan ishe wani abu a bayanta. Ka ce in bar rigima, aikin alheri ba a jinkirta shi. Ka ce Zayyanu ya riga ya rubuto maka cewa duk wagga hayaniya tawa saboda wata tsohuwa ce da ke tsinkar wa akuyarta haki a kangon. Ka ce in kwantar da hankalina, akuyar ba za ta kwana da yunwa ba, ka shirya komai.

Yaya, babu akuya.

Ka tilasta ni zan ci amana, kuma alhakin yana wuyanka. Wadda kake kira wata tsohuwa, Gwaggo Ma'u ce ta Shinaka, ƙawar Inna. Ka tuna ta, ko birni ya shafe maka? Shekarar da Baba ya kwanta damina guda ba a yi mana noma ba, wa ke aiko da jaki da damman gero? Kuma mi take cewa ɗan aiken ya faɗa a ƙofar gida? Wai hatsin da Inna ta ba ta ajiya ne ta maido. Inna ba ta taɓa ba ta ajiyar ko zangarniya ba. Ta faɗi haka ne don kada maƙwabta su ce gidan Baba ya koma cin sadaka. Da wanga gero anka yi maka furar da ka riƙa zuwa makaranta da ita.

Bara waccan mutanen daji sunka shiga masu. Ɗanta Abubakar ya rasu a wurin, shanu sunka tafi, rumbu ya ƙone. Uwar yaran ta koma gidansu. Farkon daminar ga Gwaggo ta taho nan da jikoki biyu, Mubaraka da Nasrullahi, wani ɗan uwan mijinta ya ba ta ɗaki guda a bayan zaurensa. Da anka zo rubuta sunayen 'yan gudun hijira ta ƙi fitowa, ta ce ita ganin likita ta zo. Na kai mata tiyar gero ta maido mani da ita da kan albasa biyu a sama, wai tukwici. Matar da baƙi ke kwana gidanta bakwai-bakwai, yaya za ta miƙa hannu?

Wata safiya na gan ta a kangon Baba tana tsinkar tafasa tana zubawa a ƙwarya. Ta yi dariya ta ce na akuya ne. Haka take faɗa wa duk wanda ya wuce. Bayan kwana biyu na faɗa ɗakinta ba ta ji sallamata ba, na ishe yaran sun sa kwano a tsakiya, tafasa ce dafaffiya da gishiri, ko ƙuli-ƙuli babu. Ta kama hannuna ta matse, ta ce in rufa mata asiri Allah shi rufa mani. Na rantse mata. Yau ga shi na warware da hannuna a kan takarda, kuma wallahi ina rubutu ina jin kunyar kaina.

Saura guda, wanda ita ma ba ta sani ba. Abin da ka gani ka kira haki, lambuna ne. Tafasar kaɗai ce ta Allah. Yakuwa da rama da lalo da alayyafo da ke ciki duk ni na watsa irinsu, nan kaɗan can kaɗan, ba kunya ba layi, don ya yi kama da abin da ya fito da kansa. Takin awakina nake kwasowa a bokiti in zuba kamar shara nake zubarwa. Inda ƙaya ta yi yawa na sassabe mata hanya, na bar bakin wurin a cunkushe don mai wucewa ya ga daji. Wata uku ina wanga aiki. Ranar nan ta ce mani kangon Babanmu yana da albarka irin ta mai shi, komi fitowa yake. Da abin da ta tsinka take miya, rarar ta shanya, wani lokaci ta ba wata ta sayar mata a sayo gari. Abin da ke riƙe da rai uku ke nan, shi za ku nome ku sa benci.

Za ka ce mi ya hana in faɗa wa Zayyanu. Uwar Zayyanu katanga guda ce tsakaninta da ɗakin Gwaggo, kuma ka san bakinta. In ya ji da safe, kafin azahar an ji a kasuwa.

Ban san mi ka shirya ba, amma ko mine ne ka warware shi. Kada a kai mata komi, kada a ambaci sunanta, kada a taɓa kangon. Gajere zai tashi gobe da sassafe, ka ba shi amsa ya juyo da ita kafin Asabar. In ba ta zo ba, ni da kaina zan shimfiɗa tabarma a bakin kangon in zauna, mai lauje ya fara da ni. Wagga takarda kuma in ka karanta ka ƙone ta, ko Yaya Maimuna kada ta gani.

Ina gaida kowa.

Sa'adiya.


Goronyo,
Ranar Lahadi.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Gaisuwar ke nan, ba ni da ƙarfin wadda ta fi ta.

Amsarka ta iso jiya, ka ce innalillahi, ka ce a dakata. Ihu bayan hari. Ba su jira Asabar ba. Zayyanu ya ji na ce zan zauna a bakin kangon, sai ya tara mutane ranar Juma'a da safe lokacin ina aji, wai don kada a yi sa-in-sa da Malama a gaban yara. Sa'ad da Gajere ke kan hanyar Achida da takardata, su suna cikin lambuna da lauje da adda. Ka ga na ci amanar tsohuwa a banza ke nan.

Da anka tashi makaranta na biyo ta wurin, sai na ga katangar maƙwabta tsirara, ƙasa ja wur, an bi da manjagara an share. Ko kututturen rama ba su bari ba. Manoma ne fa, ɗiyan manoma, babu wanda bai san yakuwa ba a cikinsu. Amma an ce masu haki ne, sun kuma ƙoshi, sai idonsu ya ga haki. Na tambayi inda sunka kai, anka ce ai sun loda a amalanke sun nufi gidan tsohuwar, yadda Alhaji ya yi umarni. Na ruga, rabon da in yi gudu a titi tun ina budurwa.

Na ishe su a ƙofar gidan. Amalanke cike, a sama buhun dusa da ka ce a saya, samari wajen ashirin da kayan aiki a kafaɗa, mata sun leƙo ta kowace katanga. An riga an kira Gwaggo ta fito. Zayyanu har da ɗan jawabi, wai Alhaji Lawwali ya ce daga yau an hutar da ita wahala, ga abincin akuya na wata guda. Sannan ya tambaya ina turken yake su sauke kusa da shi.

Matar gidan, ba da mugunta ba, ta ce wace akuya kuma, ai gidan ga ko kaza babu. Wani ya yi 'yar dariya. Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Sai Mubaraka, yarinya 'yar shekara biyar mi ta sani, ta je gindin amalanken ta fara zaro yakuwa daga cikin tarin tana tarawa a hijabinta, tana ce wa kakarta ga na miya nan da yawa, yau har da na gobe. Na ga fuskar Zayyanu ta sauya, ya gane, kowa ya gane. Uwarsa tana bisa katanga ta riƙe haɓa.

Gwaggo ba ta dube ni ba. Ta gyara lulluɓinta ta ce, "Allah shi yi maku albarka, ɗiyana, kun kyauta. Akuyar tana Shinaka. Jibi in Allah ya so zan kai mata."

Ta sa anka sauke hakin a bakin zaure, ta yi wa kowa godiya da sunansa, ta shige.

Jiya wuni na yi a ɗakinta. Na roƙe ta, na yi kuka, na ce ta dawo gidana, Malam ma ya zo ya yi mata magana ta bayan labule. Na ce mata mutanen da sunka koma can ba a gida suke kwana ba. Ta ce ta faɗa a gaban mutane, kuma ba a taɓa jin ta faɗi abu ba ta yi ba. Tun jiya kwanoni sunka fara shigowa daga maƙwabta, tuwo, dambu, har da mai nama. Kowane ya shigo sai ta ƙara ƙanƙancewa a gefen tabarma. Ta bar yaran sunka ci, ita ko loma.

Yau da hantsi ita da yaran sunka hau motar kasuwa zuwa Shinaka. Ta ɗaure dami guda na hakin nan ta sa anka ɗora mata a sama inda kowa zai gani. Buhun dusar ma ta tafi da shi, kuma ni da kai mun san wa zai ci ta.

Ka sani ina fushi da kai, fushin da ban taɓa yi ba. Ba don kai mugu ne ba, da mugu ne da na san yadda zan yi da kai. Kai dai ba ka iya a ce maka bari ka bari, sai ka nuna ka fi kowa dabara. Na ce maka ina da dalili. Maganar ƙanwarka ba ta ishe ka ba, sai da ka nemi ta Zayyanu. Garin neman gira kun tsone ido. Ina kuma fushi da kaina da na tsaya rubuce-rubuce ban kwana biyu a bakin kangon ba.

Benci sun iso, suna nan jingine a masallaci. Ka aiko da wanda zai zauna a kai.

Sa'adiya.


Goronyo,
Ranar Juma'a.

Zuwa ga yayana Lawwali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kana lafiya da iyali, ina fata jikin Rumaisa ya yi ƙarfi. Mun gode Allah, mun je mun dawo lafiya.

Buhun gero da ka aiko da takardar ban haƙuri sun iso ranar Talata. Ka ce a kai mata, ka ce laifinka ne. Na ji. Amma har yanzu ba ka san matar ba in kana zaton za ta karɓi buhu daga hannun wanda ya aiko da dusa.

Ni dabarar da na yi daban ce, kuma zan faɗa maka ita don kada ka ɗauka kai kaɗai ne wawa a gidanmu. Na ce a raina, abin da ya kore ta magana ce, to bari a mai da maganar gaskiya. Ina da jar akuyar nan mai ciki. Na ce in kai mata ita can a ɓoye, sannan mu dawo tare tana janye da igiya ta tsakiyar unguwa, kowa ya gani da idonsa, uwar Zayyanu ta haɗiye harshenta. Malam ya ce hanyar ba ta da kyau, na ce ko shi raka ni ko in tafi ni kaɗai. Laraba munka tafi, akuyar a cikin buhu kanta a waje, na fitar da ita ta bayan gida.

Ba zan ba ka labarin garin ba. Gidan Gwaggo ɗaki guda ya rage mai rufi. Na ishe ta tana tankaɗe dusar nan da rariya, yaran suna zaune suna kallo.

Na kwance akuyar na faɗa mata shirina. Ta daɗe tana shafa bayanta, ta duba haƙoranta, ta ce akuya ce ta kirki. Sannan ta ce, "Sa'adiya, shekara hamsin ina noma. Kin taɓa ganin alayyafo ya fito a kango da takin awaki a gindinsa? Tun ranar farko na san hannunki ne. Kin rufa mani, na rufa maki."

Yaya, ƙasa ce kawai ba ta tsage na shige ba. Wata uku ina saɗaɗawa da bokiti ina jin ni mai wayo ce, ashe ita ke lallaɓa ni. Ban iya faɗa mata na rubuta maka ba, kuma ba zan taɓa iyawa ba.

Na ce to ta tashi mu tafi tun rana ba ta yi ba. Ta kafa turke a gindin bangon da ya rage, ta ɗaure akuyar, ta kawo ragowar damin hakin ta zuba mata. Ta shiga ta haɗo kayan yaran a ɗankwali guda ta miƙa mani. Ta ce su ba su faɗi komi a gaban kowa ba, in tafi da su in sa su makaranta. Na ce ita fa? Ta ce, "Na ce masu akuyata tana Shinaka. To ga ta a Shinaka. In wani ya zo dubawa, shi ishe ni tare da ita."

Malam ya yi magana har muryarsa ta dushe. Direba yana ta hon, ya ce shi ba zai kai la'asar a wurin ba. Nasrullahi ya riƙe zanenta, ita da kanta ta ɓamɓare yatsunsa ta sa hannunsa a nawa. Da na san haka za ta kasance da ban kai akuyar ba. Da babu ita, wataƙila yunwar yaran ta sa ta dawo wata rana. Yanzu na ɗauke mata yaran, na kuma ba ta abin da za ta zauna dominsa. Kai ka kore ta, ni na ɗaure ta.

Geronka na buɗe shi, jikokinta ke ci, ita dai ba za ta sani ba. Zayyanu ya zo har gida ya durƙusa, na ce shi tashi, ba ni ya yi wa ba. Gobe akwai gayya a hanyar maƙabarta, zan fita da tsintsiyata, don garin bai yi mani laifi ba. Kangon kuwa na faɗa wa ƙungiya rabona yana ciki, ba a kafa benci a kai ina raye.

Ka ce za ka zo mako mai zuwa mu zauna. Ka zo, gidanku ne. Sai dai ka taho da amsa, don Mubaraka kullum da safe sai ta tambaye ni yaushe Gwaggo za ta gama ba akuya haki ta taho. Ni na gaji da yi wa mutane ƙarya don alheri. In ka zo, kai za ka faɗa mata.

Ka gaishe da Yaya Maimuna da yara. Allah shi tsare na daji da na gida.

Ƙanwarka,
Sa'adiya.